Askin da Baba Bai Ƙarasa Ba

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, falon surukaina a unguwar Highbridge ta Bronx ya cika har mutane suka zauna a kan matakala. Na samu wuri kusa da ƙofa ina karɓar gaisuwa, kamar yadda ya kamaci mijin 'ya, kuma daga nan na lura da abin da ban taɓa gani a wani zaman makoki ba. Duk namijin da ya shigo, da ya gama faɗin Allah ya jiƙan Baba sai hannunsa ya tafi kansa. Wani ya ɗaga hula ya shafa, wani ya sosa ƙeya, ba su ma san suna yi ba.

Wani direban babbar mota, ɗan zangon Kumasi, ya juya mini baya ya ja wuyan rigarsa ƙasa don in ga tabon ƙaho, sannan ya fashe da kuka. Wata Hajiya daga Soundview ta jawo ɗanta, saurayi da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, ta ce ya durƙusa ya yi gaisuwa domin mamacin nan ne ya fara ɗora masa aska a duniya. Yaron ya ji Hausar sarai, ya amsa da Turanci, ya durƙusa. 'Yan Nijar abokan kasuwarsa sun jeru a bango ɗaya suna jan carbi. Ɗayansu ne kawai ya tambayi inda zabirarsa take, wato jakar fatar da wanzami ke zuba kayan aikinsa. Da aka ce tana nan a ajiye, sai ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbi.

Ina rubuta wannan ne saboda ɗana. Zai girma bai san kakansa ba, alhali akwai abin da ya shiga tsakaninsu wanda ya kamata ya ji daga bakina kafin mutane su ƙara masa gishiri.

Surukina wanzami ne ɗan wanzami, daga Maraɗi. A takarda dai mai tebur ne, yana sayar da hula da safa da tabarau a bakin titi kusa da tashar jirgin ƙasa. Amma duk Bronx ba wanda ya san shi da safa. Sarkin Aska ake ce masa, rabi wasa rabi gaske, kuma bai taɓa cewa a daina ba. Abin da ƙasar nan ba ta yarda da shi ba na aikin wanzanci ya baro shi a gida, ya riƙe biyu: aski da ƙaho. In an haihu a Morris Heights ko a Soundview, shi za a kira ranar suna ya sauke wa jariri sumar ciki. Zai zo da sabuwar reza a takardarta, ya buɗe a gaban uwar yaro don hankalinta ya kwanta.

Yana da maganganunsa da kowa ya haddace. In ya ga mutum yana gaggawa sai ya ce jiƙa kai shi ne askin, aska kwashewa kawai take yi. Zai daɗe yana murza kai da ruwan ɗumi har ka fara gyangyaɗi. Sannan yana da wata doka da ba ta lanƙwasuwa: in ka zo masa da kan da wani ya fara ya ɓata, ko kai wane ne sai ya mayar da kai. "Ba ni ƙarasa askin wani," zai ce. "Ka koma ga wanda ya hwara."

Ni kuwa shekarun da na yi ina auren 'yarsa ban taɓa ba shi kaina ba. Ɗan Kano ne ni, kuma a gidanmu suruki ba ya miƙa wa uban matarsa ƙeya. Gaisuwa daga nesa, ido a ƙasa, in tashi in koma tasi ɗina. Shagon masu aski da inji nake zuwa a can gangare. Bai taɓa yi mini magana a kai ba, sai dai ya aiko ta bakin 'yarsa: ta gaya wa mijinta injin nan ba aski yake yi ba, kiwo yake. Ita ma ba ta tsira ba. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma cikin aikinta har da aske musu gemu da kumfa da safe. In ta faɗa sai ya yi dariya ya ce wanda ya ɓoye fuska a cikin kumfa ai laifinsa yake ɓoyewa.

Sau ɗaya ya taɓa tsallake kunyar nan. Lokacin da mahaifina ya rasu a Kano, takarduna ba su bar ni na je ba. Baba ya rufe teburinsa da rana tsaka, ya hau tudun unguwarmu a ƙafa, ya shigo ɗakina, wurin da bai taɓa zama ba. Bai yi mini wa'azi ba. Ya zauna kusa da ni ya ɗora tafinsa a ƙeyata, ya bar shi a nan har na yi kukan da nake ta riƙewa. Hannun yana da nauyi da ɗumi, kuma na daɗe ina jin wurin.

Ciwon ya fara da wannan hannun. Tabarau ya riƙa suɓuce masa a tebur, sannan kalma ta riƙa ɓace masa a tsakiyar magana. Wata safiya ya faɗi yana jijjiga a gaban teburin, maƙwabtansa suka kira motar asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙari a ɓangaren hagu, kuma irin mai tsanani, ciwon daji. Aka yi masa tiyata aka cire abin da za a iya cirewa. Da ya farfaɗo muna tsaitsaye a kansa, surukata tana hawaye, abin da ya fara yi shi ne ya kai hannun hagu ya laluba kansa. Sun aske rabi da inji sun bar rabi. Ya ce a kira masa wanda ya yi wannan ɗanyen aiki. Matata ta ce za ta daidaita masa, ya ce a'a, wanda ya fara shi zai ƙarasa. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta zo da injinta tana dariya ta kwashe ragowar, sannan ya yarda ya sha ruwa.

Bayan nan aka yi ta ƙona wurin da haske, ya sha ƙwayoyi, ya ɗan samu sauƙi, sai ƙarin ya dawo. Wannan karon hannun dama ya mutu gaba ɗaya, yana rataye kamar ba nasa ba. A daidai lokacin matata ta samu ciki, bayan mun daɗe muna jira har mutane sun daina tambaya. Mutumin da ya aske 'ya'yan rabin unguwa, ga jikansa na farko yana tafe, hannu kuma babu. Da aka gaya masa ya yi hamdala, sannan ya dubi hannun a kan cinyarsa ya daɗe yana dubansa. Kowa a ɗakin ya san abin da yake lissafawa.

Ni na kai su asibiti ranar da likitarsa ta kawo maganar sabon magani, matata tana fassara. Likitar ta ce ƙari ba ya girma sai da jini. In yana son jini sai ya aika wa jiki saƙo, irin saƙon da rauni ke aikawa in yana son warkewa, jiki kuma sai ya shiga shimfiɗa masa sababbin ƙananan jijiyoyi. Jijiyoyin nan aikin gaggawa ne, yoyo suke yi, ruwa ya taru ya danne ƙwaƙwalwa, kuma wannan kumburin yana cikin abin da ya kashe hannun. Maganin, wanda ake sa wa a ƙarin ruwa, tare saƙon yake yi a hanya. Ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce ba zai warkar da shi ba, sauƙi ake nema. Kuma yana da nasa sharaɗin: in ya ji ciwo na gaske, saƙon wannan ciwon ma za a tare shi, rauni zai yi wuyar rufewa, jini zai iya zuba, hawan jini zai iya tashi. Ko haƙori kada a cire masa ba da saninta ba.

Baba ya saurara har ƙarshe. "Ashe maƙaryaci ne," ya ce. "Ciwo yake kwaikwayo a ba shi abinci." Sannan ya yi 'yar dariya. "Ni da na tsuhwa ina buɗe ma jini hanya, yau ni za a toshe ma."

Tambaya ɗaya ya yi, ko hannun zai dawo. Likitar ta ce mai yiwuwa, na ɗan lokaci. Ya ce a gaya mata ɗan lokacin ya ishe shi.

Hannun ya dawo. Ina faɗin wannan da godiya ga Allah, da kuma godiya ga matar nan da ban san addininta ba, da mutanen da suka zauna suka gano cewa ana iya tare saƙon ƙari a hanya. Da farko yatsu suka motsa. Sai ya riƙe cokali, sai carbi ya koma dama, sai wata rana surukata ta kira mu a waya tana dariya tana kuka wai ya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa. Maganarsa ta daidaita, tsokanarsa ta dawo, har ya aiko a tambaye ni ko akuyar da ke kiwo a kaina tana nan lafiya.

Rigimar ta zo ne daga inda ba mu zata ba. Jininsa ya hau kamar yadda aka faɗa, kai ya riƙa sara masa. Baba ya zauna ya yi lissafi irin na wanzami: an toshe wa jini hanya, jinin da ba ya tafiya kuwa mutuwa yake yi, mataccen jini kuma ƙaho ne maganinsa. A wurinsa maganar likitar ma ita ta tabbatar da haka. Mutum ba ya yi wa ƙeyarsa ƙaho, don haka ya kira direban nan ɗan Kumasi, wanda shi ya koya masa, ya ce ya zo ya tsaga masa. Surukata ta laɓe a kicin ta kira 'yarta.

Matata ta hau matakalar nan da cikinta tana haki, ta tarar da shi ya tuɓe riga, ƙahoni suna cikin ruwan ɗumi, direban yana wanke hannu. Ni ina bayanta, na tsaya a bakin ƙofa inda suruki ke tsayawa. Ta fara da Hausa, da abin ya yi zafi ta koma Turanci, shi kuma yana mayar mata da Hausar Maraɗi tsantsa. Ya ce ƙaho ya girmi asibiti. Ta ce tsagar da za a yi masa ba za ta rufe ba, kuma wannan ba jinin da ya sani ba ne. Ƙarshe ta tattara ƙahonin da askar ta zuba a zabira ta rungume.

"Ni kika ɗauke ma zabira?" ya ce, a hankali.

"Ni, Baba. Gara ka yi fushi da ni kana raye."

Direban ya sulale ya bar takalminsa ɗaya, sai daga baya ya aiko a ɗauko masa. Likita ta ƙara wa Baba maganin hawan jini, ciwon kan ya lafa, amma fushin bai lafa ba. Ya daina amsa wayar 'yarsa. Ita kuma a gida ta yi kuka ta ce mini ta yanke shawara: mutumin da ke da ƙari a ƙwaƙwalwa ba zai ɗora reza a kan jaririnta ba, ko da mahaifinta ne, almakashi ya isa. Ban iya cewa ta yi kuskure ba. Ni ma ɗana ne, ni ma ina tsoro. Amma na san abin da ya sa tsohon nan yake zama a kujerar asibiti ana ɗura masa ruwa ba ya ƙorafi.

Wata Juma'a da safe na cire ƙahonin na ɓoye a saman kabad, na ɗauki zabirar na tafi. Na gaishe shi, na ajiye ta a gabansa, sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na cire hulata.

"Baba, kaina ya yi suma."

Ya dube ni, ya dubi zabirar. "Injin ya mutu?"

Na ce ya mutu. Ya ce a kawo ruwan ɗumi.

Ya daɗe yana jiƙawa, kuma na san ba kaina kawai yake jiƙawa ba, hannunsa yake saurara. Askar ta tafi daidai har ta zo bayan kunnena na dama, nan ta ɗan ci nama. Ya danna auduga, bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nuna na ji ba. Da Juma'a ta zagayo na koma, kafin ya taɓa ruwa sai da ya lanƙwasa kunnen ya duba. Wurin ya rufe, sai ɗan ɓawo. Ya shafa shi da babban yatsa. "Naka saƙon ya isa," ya ce. "Nawa ne aka tare." Daga ranar bai sake maganar ƙaho ba.

Haka muka ci gaba kowace Juma'a. Ba wanda ya ce gwaji ake yi. Ni ban faɗa ba, shi bai faɗa ba, kuma bai sake yanka ni ba. In na dawo gida matata sai ta ce in zo ta ga ɓarnar da aka yi mini, ta ja ni gaban taga, ta cire hular, ta bi kan da yatsunta daga goshi har ƙeya, ta leƙa bayan kunnuwa. Sai ta mayar mini da hular ta ce abinci yana kan tebur. Likita tana da hotonta, ita kuma tana da kaina. Ana cikin haka ta fara biyo ni, ta zauna a kicin da mahaifiyarta, har wata rana Baba ya ɗaga murya ya ce a gaya wa mai kumfa ta zo ta ga yadda ake aski. Da haka suka shirya.

Ana saura kaɗan ta haihu, hoton ya canza. Likitar ta ce ƙarin ya daina jiran sababbin jijiyoyi, ya koma bin tsofaffin yana yaɗuwa, kuma amfanin maganin ya kusa ƙarewa. Hannun zai iya tafiya ko yaushe. Amma a wannan makon ma askina ya fita tas. Hoto yana faɗin abu ɗaya, kaina yana faɗin wani, kuma matata ce za ta zaɓi wanda za ta gaskata.

Ta haifi namiji mai suma baƙa wuluk. Har safiyar suna ba ta faɗi wanda ta zaɓa ba, ni kuma ban tambaya ba. Muka dawo daga masallaci bayan an raɗa suna, gida ya cika. Baba ya zo da zabirarsa, amma ya ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalma, ya je ya zauna hannu a cinya yana amsa barka. Ba zai roƙa ba, kuma da an kawo almakashi na san ba zai ce uffan ba.

Matata ta aiko a kira ni ɗaki. Ta cire mini hula ta shafa kan sau ɗaya, a hankali, har bayan kunnen. Sannan ta naɗe yaron a zani, ta fito da shi da kanta cikin maza, ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Baba, ga abokinka. Sumarsa ta yi yawa."

Ni na ɗauko zabirar daga cikin takalma. Ya buɗe sabuwar reza a gabanta kamar yadda yake yi wa kowace uwa. Ya jiƙa kan yana yi wa yaron tsiya ƙasa-ƙasa, wai ya zo ya ƙwace masa tsohuwa ko sadaki bai kawo ba. Sannan ya yi bisimilla. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ban taɓa ganin aiki mai kyau irinsa ba. Sumar tana sauka a kan farin ƙyalle, yaron ko motsi bai yi ba, falon ya yi tsit har ana jin jirgi yana wucewa a can ƙasa. Ya gama gaba, ya gama tsakiya, ya gama ƙeya. Ya zo bayan kunnen dama, sai ɗan ƙaramin yatsansa ya fara rawa. Shi ya riga kowa gani. Ya ɗaga askar sama, ya jira, rawar ba ta tsaya ba.

"Wanga na bar shi," ya ce. "In na samu lahiya in ƙarasa."

Ya naɗe askar ya mayar da ita zabira. Bai sake buɗe ta ba. Hannun ya tafi a cikin makonnin da suka biyo, magana ta bi shi, amma ya samu ya riƙe yaron a hannun hagu sau da yawa, kuma ya cika a gadonsa, da kalmar shahada a kunnensa, lokacin da sanyi ya fara shigowa. Allah ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya kawunanmu, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya saka wa duk wanda ya sa hannu a jinyarsa.

'Yar sumar bayan kunnen ta ci gaba da tsawo, ta fi sauran, har ta fara nannaɗewa. A zaman makoki liman ya gan ta, ya ce cikin lallashi ba a son a aske wani sashe na kan yaro a bar wani, a samu a daidaita. Surukata ta dubi direban nan ɗan Kumasi. Ya girgiza kai ya ce shi dai ba zai fara ba, ya san dokar Baba. Aka tambayi wani ɗan Nijar da ya iya aska, shi ma ya ce a nemi wani. Duk wanda Baba ya taɓa koya wa riƙon aska ya koya masa har da wannan.

Bayan an yi sadaka mutane sun watse, muna gida da hantsi, matata ta ce in ɗora ruwan ɗumi. Ta ɗauko zabirar, ta buɗe sabuwar reza a gabana, ta kwantar da yaron a cinyarta. Na tuna mata, don in sauke nauyi, cewa Baba ba ya yarda wani ya ƙarasa askin wani.

"Ni ba wani ba ce," ta ce.

Ta tsoma yatsu a ruwan ta fara jiƙa wurin, ta daɗe tana jiƙawa, ba kumfa.